Gado Ɗaya da Rabi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwar taki, ya kuma haƙurinmu? Na rubuto ne don a waya ba na iya magana.

Sai shekaranjiya na san Autanki, uban 'ya'yana, ya rasu. Kada ki ce na zautu. Na ji lokacin da suka ce tsani ya zame da shi a wurin aiki, na amsa gaisuwar mutane da cikina a gaba, na haihu ba ya nan. Duk wannan kamar labarin wata ake ba ni. Shekaranjiya da yamma ina wanki a banɗaki, gadon yaran ya tsaya, jar fitilarsa ta kama. Hannuna duk kumfa, sai na ɗaga murya na ce, "Zo ka duba abin naka, ya tsaya." Na jira amsa. Har na fara jin haushin ya yi mini shiru. Daga nan na zauna a bakin baho, ban tashi ba sai da ruwan ya huce.

Ba ki ga gadon ba, bari in gaya miki. Ya je gyaran firji wani gida ya gan shi, ya dawo ya hana ni sakat da labarinsa. Da hoton ciki ya nuna biyu ne, ya ja ni shagon da ake sayar da shi. Gado ne ɗan ƙarami mai kunne. Ana sa wa jariri wata riga kamar buhu, a maƙale ta a gefe da gefe don kada ya juya. In yaro ya yi shiru, gadon ma shiru. In ya ji kuka sai ya fara jijjiga a hankali yana wani sauti kamar ruwan sama a kan rufi. Kuka ya ƙaru, shi ma ya ƙara. In abin ya gagare shi sai ya tsaya ya kunna jar fitila, wato uwa ta zo.

Kin san ƙaninki ba ya sayen abu bai gwada ba. Ya karɓi jakata ya kwantar a ciki, ya duƙa, ƙato da gemunsa, ya yi kukan jariri a tsakiyar shago. Gadon kuwa ya hau jijjiga jakata. Mai shagon ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na ce ban san shi ba, a hanya ya biyo ni. Ta ce tagwaye gado biyu suke so, ba a haɗa su a ɗaya. Ya sayi sabo guda, ya karɓi wani da aka dawo mata da shi injinsa ya mutu, ya ce aikin yamma ɗaya ne. Ya kwance shi a kan teburinsa, ya zuba notunan a kofin shayinsa. Haka ya bar shi. Gadonmu ɗaya da rabi ke nan.

Yaran suna lafiya. Macen muna ce mata Ƙararrawa, ba sai na faɗa miki dalili ba. Namijin kuma, maƙwabciyata mai ɗinki ta sa masa Alƙali, don ba ya kuka, sai dai ya haɗe goshi ya zuba miki ido kamar kin zo da shaidar zur. Goshin ubansa ne sak.

Karɓa-karɓa suke yi a gadon, wanda ba ya ciki yana kan katifa ko a hannuna. Matsalar ita ce kunnen gadon bai san muryar kowa ba. In Alƙali na ciki, Ƙararrawa ta tsala kuka a hannuna, sai gadon ya hau jijjiga bawan Allah da bai ce komai ba. Ɗakin kuwa ɗaya ne, ba inda zan kai ta. Da Autanki na nan da ya san dabarar yi.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Uwar biyu

*

Zuwa ga ƙanwata, matar Auta,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ke da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta fiye da sau ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Akwai abin da ba ki rubuta ba. Na kira maƙwabciyarki mai ɗinki, ta shaida mini cewa ta shigo ta same ki kina barci a tsaye jikin ƙofa, ruwa yana tafasa a kan wuta har tukunyar ta ƙone. Ta ce zobenki ya fara zamewa daga yatsa. Kada ki yi fushi da ita, ni na matsa mata.

Na yi shekara da shekaru ina aikin jinya a ɗakin jarirai, na san abin da rashin barci ke yi wa mai jego. Ba ragwanta ba ce, jiki ne yake da iyaka. Ranar da za ki zame a banɗaki da yaro a hannu, wa gari ya waya?

Don haka ga shawarata, ki dube ta da idon basira. Ki ba ni namijin in riƙe, ko da zuwa lokacin da za su fara tafiya ne. Tunda dama kuna haɗa musu da madarar gwangwani, ba zai sha wahalar ci ba. Na ajiye aiki, gidana babu kowa sai ni, kuma yaro ne mai haƙuri, ba zai gagare ni ba. Ke kuma ki ji da macen. Ke da bakinki kin ce gadon ma ya kasa raba muryarsu a ɗaki ɗaya. Abin da aka ƙera don wannan aiki ya rikice, ina ga mutum mai hannu biyu?

Ba ƙwace zan yi miki ba. Ɗanki ne, duk ranar da kika ce a dawo da shi za a dawo da shi. Direban da ke kawo miki wannan takarda amintacce ne, zan iya biyo shi in zo in ɗauka.

Ki ci abinci. Ina jiran amsarki. Allah ya raya su.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa na daɗe ban amsa ba. Maganarki gaskiya ce, tukunyar ma tana nan, gindinta ya huje. Ban yi fushi da mai ɗinki ba. Da ta shigo dai na ce mata ashe ba ɗinki kaɗai take yi ba, har da aikin gidan rediyo. Ta ce ko a jarida ma za ta buga ni in ban ci abinci ba.

Na yi kuka da na karanta, sannan na yarda. Na haɗa kayan Alƙali a jakar nan mai ruwan ƙasa da Autanki ke tafiya da ita. Na kuma yanke cewa gadon zai bi shi, don gwiwarki ba za ta ɗauki zagaye ɗaki da yaro a kafaɗa ba. Ƙararrawa ni zan ji da ita.

Sai na ce bari in gwada in ga yadda zai zauna shi kaɗai. Bayan azahar na miƙa wa mai ɗinki Ƙararrawa ta sauka da ita shagonta. Na ba Alƙali madara, na sa masa rigarsa, na kwantar da shi a gadon. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin ƙarar firji. Na ce yau zan yi barci.

Na yi barcin kuwa, irin wanda na manta akwai shi. Da na farka inuwa ta kai bangon can. Na leƙa gadon. Idonsa biyu, Yaya. Ya ƙura wa silin ido, ya dunƙule hannu, goshin nan a haɗe. Na taɓa shi, ya jiƙe har gadon baya, yunwa kuma ta sa yana tsotsar leɓe. Bai yi barci ba, bai yi kuka ba. Gadon yana da kunne amma ba abin da zai ji, don haka ko motsi bai yi ba.

Na canza masa, na ba shi ya ƙoshi, na mayar da shi. Har yanzu ido biyu. Kada ki yi mini dariya: na duƙa na yi kukan jariri kamar yadda ubansa ya yi a shago. Gadon ya ɗan motsa, sai ya tsaya, kamar ya gane tsohuwa ce. Alƙali ya kalle ni irin kallon nan nasa. Ranar na fara yin dariya tun rasuwar.

Ana haka sai ga mai ɗinki tana hawowa, Ƙararrawa na tsala ihu tun daga matakala. Suna shigowa gadon ya ji, ya fara jijjiga, ruwan saman nan ya sauko. Ina kallo hannun yaron ya buɗe, yatsa bayan yatsa. Kafin in gama karɓar 'yar'uwarsa ya yi barci.

Sai na zauna na yi tunani. Tun da aka haife su ban taɓa ba shi abinci don ya nema ba. Ita ke kuka, in tashi in ba su duka. Ita ke kuka, in canza musu duka. Jijjigar da nake cewa gadon yana yi masa ba gaira ba dalili, ashe ita kaɗai ce rarrashin da yake samu in hannuna bai kai gare shi ba. Na kai shi asibiti don hankalina ya kwanta, likita ta duba kunnensa da maƙogwaronsa ta ce lafiyarsa ƙalau, halinsa ne kawai.

Ke ce babba, kuma jininki ne. In kin ce a kawo shi, jakar tana nan a ɗaure. Amma ki gaya mini wa zai yi masa kuka a can.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Uwar biyu

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida mai ɗinki.

Ki kwance jakar.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, kawunmu ya ɗauki Auta don a rage wa gida nauyi. Mutanen kirki ne, ba su taɓa ɗaga masa hannu ba. Da na je ganinsa na tarar yana ɗingishi. Takalminsa ne ya matse shi, ya yi ta sawa har farcen babban yatsa ya fita, bai gaya wa kowa ba. Matar kawu ta yi ta rantsuwa cewa da ya faɗa da an saya masa, kuma gaskiyarta ne. A gida ni ce nake faɗa. Ni ke cewa Auta na jin yunwa, Auta na jin sanyi. Ranar na goyo shi muka dawo, duk da ya kusa kai ni tsawo.

Da kika rubuta cewa goshin ubansa ne, tun daga nan raina ya biya. Gajiyarki gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ta riƙe mini alƙalami ba.

Sai dai ba zan bar ki da ƙonanniyar tukunya ba. Zan rufe gidana in biyo direba ƙarshen wata. Ki nema mini wuri ko kusa da firjin ne. Gwiwa ba ta zagaye, amma cinya tana nan, ni ce gado na biyu. In kuma kina so, akwai mai gyara a layinmu, hannunsa na da kyau, sai in aiko masa da wanda Auta ya kwance ya ƙarasa shi.

Ki ci abinci, na sake faɗa.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kwance jakar. Mai ɗinki ta ara mana katifa, mun matsar da kujera, wurinki yana gefen taga. Ki taho da abin toshe kunne, Ƙararrawa ba ta san baƙo ba.

Yaran sun ƙara nauyi. Mai shagon da muka sayi gadon ta ce da sun fara juyi gadon ya gama aikinsa, kuma na ga Alƙali ya fara gwada kafaɗa. Maganar mai gyara, ki bar ta tukuna. In kin zo sai mu duba tare.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Uwar biyu

Na manta ban faɗa ba. Ki zo da kofin shayinki. Nasa yana kan tebur da notunan a ciki, gadon kuma yana nan a buɗe, ba a gyara shi ba.