Ba Idonka Ba Ne, Murafen Kwalba Ne

Assalamu alaikum, Abban Hafsa.

Na san takardar nan ba za ta zo hannunka ba. Addu'a ce ke isa gare ka, ita ma ban fasa ba. Amma kwana uku ke nan na kasa zama, daga kicin sai baranda, daga baranda sai ɗakin jiragenka.

Muna nan a unguwarmu ta Setapak, ba mu koma ƙasarmu ba. Hafsa ta gama jarrabawa, har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa.

Abokanka masu harhaɗa ƙananan jirage sun aiko. Asabar suna da baje koli a unguwar Sentul, za su ajiye jiragenka don tunawa da kai, har da na Jamus ɗin nan mai inji biyu da ya ci maka wata huɗu. Dattijon nan mai yawo da katin launuka a aljihu shi ya rubuta bayanin da za a kafa a gabansa, Hafsa ta fassara mini daga yaren ƙasar nan. Ya yabi shuɗin ƙasan jirgin, da rawayan zoben wajen wutsiya, da alamar gicciye da ke kan fukafukai, ya ce duk daidai suke da na lokacin yaƙin duniya. Sai ya ƙara da cewa kore biyun da ke sama sun yi musayar wuri, don a ƙarshe ganinka ya raunana.

Idonka ƙalau yake, Malam. Ni ce.

Wata rana kana makaranta na shiga gyara teburinka. Kwalabe biyu na koren fenti, wannan mai duhu, wancan ya ɗan ɗara shi duhu, murafen sun yi kaca-kaca da fenti. Na cire, na wanke, na mayar yadda na ga dama. Ashe a kan murafen ka rubuta lambobinsu. Ni ina na san Jamusawa sun raba kore da kore? Sai ranar da ka dawo daga taronku, inda aka nuna maka kuskuren launin, ka ture tuwo, kana ta murza ido, na gane abin da na yi.

Sau nawa na buɗe baki? Ka yanko tabarau, ina kallo. Ka tattara buroshi ka kulle, ina kallo. Kai da ka daina sa mutum-mutumin matuƙi a jiragenka don kawai na ce zuciyata ba ta kwanta da shi ba, me ya hana ni gaya maka? Kunya ce, kullum sai in ce gobe.

Haƙƙinka ne, kuma ba ka nan balle ka yafe. Abin da ya rage mini shi ne kada a rubuta ƙarya a gaban aikinka. Asabar zan hau jirgin ƙasa, ni da Hafsa, in tsaya gaban mazan nan da ban taɓa yi wa magana ba. Ita za ta fassara, a nan ita ma za ta fara ji.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa kafin mu haɗu ka riga ka huce.

Matarka,
Binta