Baba Ba Ya Rantsuwa Sau Biyu

Fakku

Yaya Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya, kaina ya ɗaure. Ba kai kac ce shari'ar Baba ta ƙare ba? Da idona nig ga ya yi alwala, yad dafa Alƙur'ani gaban alƙali, yar rantse ba shi yaƙ ƙone rumbun Ɗangiwa ba. Har waina munka raba ma maƙwabta! To yau ga sammaci, wai a sake tun farko. Farkon mi? Inna ko fura ta kasa sha.

Ƙanwarka,
Mardiya

Tambuwal

Mardiya,

Wa'alaikumus salam, muna lafiya. Na bincika. An yi wa alƙalin canjin wurin aiki zuwa wani gari kafin ya yanke hukunci, sabon kuma ba ya hukunci da abin da bai ji da kunnensa ba. Na tambaya ko ana yi wa mutum shari'a biyu kan laifi guda. Aka ce a'a, amma wai ta farkon ba ta ƙare ba, ta mutu ne. Ina koyar da yaran mutane, amma wallahi wannan ban gane shi ba.

Abin da na fahimta: Ɗangiwa ba shi da shaida, za a sake ba Baba rantsuwa. In ya ƙi, ana iya ɗora masa laifin, har gidan yari. Ki lallashe shi.

Ki gaida Inna.
Abdurra'uf

Fakku

Yaya,

Sallama irin ta kullum. Na lallasa, liman ya lallasa, a banza. Ka san Baba. Cewa yay yi, "Alƙali anka ɗauke. Wanda nir rantse da Shi Shina nan, kuma Ya ji. In nis sake, duk Fakku za ta ce ta farko ƙarya ce." Ni yanzu ban san wa ad da gaskiya ba, tsoro kawai nika ji. Jikin Inna ya motsa, ba ni iya barinta. Don Allah kai ka raka shi kotun Kebbe.

Allah Shi kiyaye hanya.
Mardiya

Kebbe

Mardiya,

Salam. An kawo Alƙur'ani, Baba ya mayar da hannuwansa baya. An ɗage zama, an tsare shi. Ki aiko da bargonsa da butarsa.

Ya ce Inna ta bar kuka, shi ya gama shari'arsa tun tuni, su ne ba su gama tasu ba.

Yayanki,
Abdurra'uf