Yau Baba Bai Ja Mu Sallah Ba

Daren Talata, Dagumawa

Yau da asuba Baba ya tura Malam Idi gaba ya ja mu sallah, wai muryarsa ta dishe. Da muka fito masallaci na ga wandonsa ya jiƙe da ɗigon fitsari, yana ta jan riga yana rufewa.

Kwanaki aka auna jininsu a Wudil, shi da Baffa Sale, awon cutar dajin mafitsara ta maza. Lambar sakamakon kowannensu ta hau. Likita ya ce wani jinin haka yake, gado ne, lambar takan hau ba ciwo, amma sai an sake dubawa a Kano kafin a tabbatar. Baba ya riƙe maganar gadon, ya watsar da ta Kano.

"Jinin gidanmu ne, Habu. Ga Baffanka nan garau yana noma."

To ai kakanmu ma jinin gidanmu ne, kuma tsarewar fitsari ce ta zama ajalinsa.

Ni ɗa ne, ba zai ji tawa ba. Gobe zan sami Baffa Sale a gona, ko shi zai yi masa maganar zuwa Kano. Shi ma ya ga wandon nan, ina kallonsa ya kawar da kai.