Azumin Litinin na Inna

Daren Litinin, Fatakwal

Tun la'asar na gama sauke albasa, bayana kamar ba nawa ba, amma barci ya ƙi zuwa.

Inna ta faɗi yau a Basirka. Matata Rabi ta same ta a bakin murhu, gumi sharkaf. Ta dama sukari ta ba ta. Da na ji, na hau Rabi da faɗa a waya: mai ciwon suga za ki ba sukari? Ashe shi ya cece ta. Na ba Rabi haƙuri.

Yaya Sale ne ya kai Inna asibiti a Birnin Kudu. Yana kusa amma sai ya yi watanni bai leƙa ta ba. Yau dai ya yi abin kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Likita ya ce ƙaramar ƙwayar nan da Inna ke sha saukar da suga take yi, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Inna kuwa ta sha da sahur, ta ɗauki azumi. Tun da na taho nan Kudu take azumin Litinin da Alhamis, wai don Allah ya tsare ni a hanya. Ban sani ba sai yau.

Na ce, "Inna, ki bar mini Litinin da Alhamis. Ke dai ki sha magani, ki ci tuwo."

Ta yi dariya, muryarta a gajiye. "Kai da ba ka kai azahar ba ka nemi shayi ba?"

Ba ta dai ce a'a ba. Ranar Alhamis zan tashi sahur, in kira ta, ta ji ina tauna.