Ciyawa a Kan Soron Haidar

Sedgefield, Greensboro

Gwaggo Aishatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya Zariya, ya ƙafar taki? Na zaɓi rubutu tunda kunnenki ya daina ɗaukar waya.

Gwaggo, Yaya Haidar ya gama gidansa a unguwar Summerfield, kuma wallahi sai kin gani! A cikin gangaren tudu ya gina shi. Ƙasa ce ta rufe bayansa da gefunansa da rufinsa, fuskar kawai ke waje, duk gilashi, rana na shigowa har tsakiyar falo. Idan kin zo ta baya ba za ki ce akwai gida ba, sai dai ki ga tudu da ciyawa shar. Yanzu zafi ake a garin nan kamar a gasa mutum, amma ciki sanyi kamar ruwan randa, ba tare da an kunna komai ba. Ni da nake masa dariya lokacin da ya fara haƙa, yau kunya nake ji.

Matsalar ita ce Baba. Yaya ya ware masa ɗaki mafi haske, amma ya ƙi ko leƙawa. Ya ce shi ba zai kai kansa kabari da ƙafarsa ba. Yaya ya ji zafi, sun daina magana sai gaisuwa. Yanzu Baba yana wurina a Sedgefield, ya ce ƙarshen wata zai dawo gida Zariya. Wane gida, Gwaggo? Mama ta rasu, ga ciwon suga, wa zai kula da shi? Ina tsoron ya tafi da wannan fushin. Don Allah ki sa baki, yayanki ne.

Ki gaida kowa.
'Yarki, Afnan

Zariya

Afnan 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna nan lafiya, ƙafa kuma da sauƙi.

Sa baki a maganar babanku Sale ai ƙara wa wuta itace ne. Tun muna yara haka yake. Kada ku yi musu da shi. Ku kai shi wurin kawai, ku sa masa kujera a waje, ku ƙyale idonsa ya yi aiki. Kun manta ɗan magini ne? Kakanku shi ya gina rabin sorayen unguwarmu, kuma Sale a soron ƙasa aka haife shi. Mutumin da ya girma ƙasa na bisa kansa ne yau zai ce mana yana tsoron ƙasa? Rasuwar uwarku ce ke cinsa, ba ginin ba.

Ki ce wa Haidar Allah ya yi masa albarka. Jinin kakansa ne ya motsa.

Gwaggonki, Aishatu

Summerfield

Gwaggo,

Bayan gaisuwa, na bi shawararki, ga abin da ta haifa. Ki zauna tukuna.

Ranar Lahadi na kai Baba gidan Yaya. Bai shiga ba. Ya zagaya gidan da sandarsa, ya hau tudun ta baya, ya tsaya yana kallon ciyawar rufin, fuskarsa ta canza. Muka koma gida. Washegari ya ce in sake kai shi. Murna ta kama ni, na ajiye shi na wuce aiki cikin gari, Yaya ma ba ya nan.

Da la'asar na dawo, innalillahi! Baba ya samo fartanya a ɗakin kaya, ya nome rufin tas. Jar ƙasa tsirara, ciyawa tsibi a gefe, shi kuma yana zaune yana haki, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Na ce, "Baba, me ka yi?" Ya ce, "Hadari na haɗuwa. Ciyawa a kan soro ita ke huda rufi, kuma duk wanda ya wuce zai ce gidan ba shi da mai shi. Ina raye ba za a ce haka da gidan ɗana ba."

Gwaggo, ciyawar nan Yaya ne ya shuka ta da gangan, ya yi ta ban ruwa tun bara. Ita ke riƙe ƙasar rufin. A ƙarƙashi akwai kankare da shimfiɗar hana yoyo, saiwa ba ta isa ta huda ba.

Kafin in gama bayani ruwa ya kece. Jar laka ta dinga gangarowa kan gilashin nan mai kyau kamar kunu. Sai ga motar Yaya. Na tsorata, don na san zuciyarsa. Ya fito ya kalli rufin, ya kalli fartanyar, ya daɗe yana kallon hannun Baba. Sai ya durƙusa cikin lakar nan ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Zo mu shiga, kada sanyi ya kama ka."

Ya kama hannunsa, suka shiga. Ana tsawa a waje amma ciki tsit. Baba ya dafa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce, "Yo wannan ai soro ne. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ni dai kuka na yi.

Da Yaya ya yi masa bayanin ciyawar, Baba ko abinci bai ci ba. Ban san me zai yanke ba, ga ƙarshen wata ya matso.

'Yarki, Afnan

Summerfield

Aishatu ƙanwata,

Sallama da fatan alheri.

Kada ki share mini ɗaki, ba yanzu zan dawo ba. Na yi wa yaro ɓarna, sai na gyara. Kullum da safe ina kan rufi ina dasa ciyawa, kuma an ce sai ta ga damina biyu kafin ta kama sosai.

Yaron nan ya iya gini. Ɗakina sanyinsa irin na ɗakin Inna ne, tun rasuwar uwar yaran ban yi barci irin wannan ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa a unguwa ya ji cewa Sale ɗan magini yana shuka ciyawa a kan soro.

Yayanki, Sale