Ita Ya Zo Wa

Lahadi, 4 ga Maris, 2012

Yau Baba ya cika kwana arba'in. An yi addu'a a gida, mutanen unguwarmu ta Lanham sun cika falo har kan matakala. Ni da Gwaggo Sailuba, ƙanwarsa, muna kicin tun safe.

Nanret ta zo. Ɗalibarsa 'yar Jos, wadda ta shekara biyar tana digirin digirgir a hannunsa. Ta yafa gyale don girmama mu, ban ce ba ta kyauta ba. Amma tana fashewa da kuka sai ga malaman jami'a uku sun kewaye ta suna ba ta haƙuri. Ɗaya ma cewa ya yi, "Kin yi rashin uba." Ina tsaye a bayansa da farantin shinkafa.

Shekara biyu tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ni ke juya shi, ni ke goge masa baki. Bari dai.

Talata, 6 ga Maris

Nanret ta turo imel. Tana roƙon kwalayen takardun Baba da ke ɗakin ƙasa, guda bakwai. Wai ran uku ga Mayu za ta kare kundinta, kuma gyaran babinta na ƙarshe yana ciki da rubutun hannunsa. In ta wuce wannan zangon bizarta ta ƙare, sai gida.

Ban amsa ba.

Alhamis, 8 ga Maris

Fatalwa. Mutum ya bar Kano, ya tsallako teku, ya ƙarar da rayuwarsa a kan fatalwowin da ke fitowa a wasannin kwaikwayon Ingila na shekara ɗari huɗu da suka wuce. Sau ɗaya ya taɓa gwada yi mini bayani, ina 'yar shekara ashirin, muna cin tuwo. Na ce, "Haba Baba, kai da kake jan salla in liman bai zo ba, mene ne haɗinka da fatalwar Turawa?" Ya yi dariya. Bai sake ba.

Da Nanret kuwa sai su kai la'asar a kan teburin nan. Ni in kawo shayi, in kwashe kofuna.

Asabar, 10 ga Maris

Ta zo da kanta, da lemo a leda. Ta durƙusa ta gai da Gwaggo, sannan ta ce, "Anti Rumasa'u, akwai abin da nake so ki ji. Na yi mafarkin Baba."

Baba. Haka take kiransa, ba Farfesa ba.

Wai ta gan shi a ofishinsa da rigar sanyin nan ruwan ƙasa, a tsaye da ƙafafunsa biyu, bakinsa garau. Ya ce mata babi na uku ya yi tsawo. Tana faɗa tana dariya tana hawaye. Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, an gan shi cikin lafiya."

Kwana arba'in da shida ina kwanciya da alwala. Ko inuwarsa ban gani ba. Muryarsa ta da ma na nema a kaina na rasa, sai wadda ta karkace.

Na ce mata ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado. Gwaggo ta kalle ni.

Lahadi, 11 ga Maris

Ƙarya na yi. Wa zai yi rigima a kan tsofaffin takardu?

Laraba, 14 ga Maris

Na tambayi Gwaggo me ya sa mamaci zai zo wa bare ya bar 'yarsa. Ta ce, "Mamaci ba ya yawo, Ruma. Mafarki na Allah ne, shi ke ba wanda ya so." Na ce to me ya sa ya so ta? Ta ce in yi istigfari.

Na yi. Bai rage komai ba.

Asabar, 24 ga Maris

Na buɗe kwalayen. Na ce wa kaina ƙura zan kakkaɓe.

Rabin rubutun gefen shafi da Hausa yake yinsa, ban taɓa sani ba. Ga abin da na fahimta. A da mutanen Ingila sun yarda akwai wani wuri da mamaci ke tsayawa a wanke masa zunubi kafin aljanna, kuma addu'ar masu rai tana rage masa wahala. Sai sarautar ƙasar ta canja ɗarika. Aka ce babu wannan wuri, aka hana yi wa matattu addu'a, aka ce duk fatalwar da ka gani shaiɗan ne ya ari fuskar naka. To a daidai lokacin ne fatalwowi suka cika dandamalin wasa, uba ya fito wa ɗansa, wanda aka kashe ya zo ya zauna a wurin biki. 'Yan kallo su biya su shiga, su ga abin da aka hana su a coci.

A wani shafi ya rubuta: "Ba matattu ne suka ƙi tafiya ba. Masu rai ne aka bari da hannu biyu ba abin yi."

Na karanta sau uku. Ashe abin ba wuya. Da na yi shiru ran nan na bar shi ya gama...

Ko'ina "N. ta ce", "a nuna wa N.", "N. ta fi ni gaskiya a nan". Na bi kwali bakwai ina neman kaina. Sau ɗaya na samu: "R. za ta kai ni asibiti ƙarfe biyu."

Direba.

Litinin, 2 ga Afrilu

Imel na uku. Cikin ladabi, wanda ya fi ba ni haushi.

Laraba, 11 ga Afrilu

Nanret ta same ni a kantin maganin da nake aiki, a Silver Spring, lokacin hutun rana. Ta rame. Muka zauna a bencin waje, motocin bas suna wucewa. Na shirya amsata tun kafin ta buɗe baki, amma ba ta tambayi kwalayen ba.

Ta ce ta je wajen fastonsu da maganar mafarkin. Ya ce kada ta ɗora komai a kai, kuma a cocinsu ba a yi wa mamaci addu'a, wanda ya tafi lissafinsa ya rufe. Ta ce ta san haka, a ciki ta tashi, kuma ba ta fita ba. "Shekara biyar ina rubutu a kan mutanen da aka hana su roƙa wa matattunsu. Sai da Baba ya rasu na gane a kaina nake rubutu."

Ta ci gaba.

"Ran arba'in ɗin nan, da kuka ɗaga hannu gaba ɗaya, ban san inda zan sa nawa ba. Ke sau biyar a rana kina da abin da za ki aika masa, kuma kin yarda yana isa. Ni me nake da shi? Babi na uku." Sai ta ce, "Wallahi Anti, kishinki nake yi."

Ni? Raina ya ɓaci, har na miƙe. Na ce mata ita ya zo wa. Ta ce, "Ya zo ya yi mini gyara ya tafi. Ko sannu ban iya ce masa ba."

Da za ta tafi ta ce, in babu laifi a addininku, in kina yi masa addu'a ki ce har da ni a masu roƙon.

Na koma ciki na ƙirga ƙwayoyin wata tsohuwa sau uku ina ɓata lissafi.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Bayan sallar asuba na ɗaga hannu, sunanta ya zo bakina. Na haɗiye.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Na kai mata kwalayen. Suna cin wuri ne kawai, kuma ɗakin ƙasa yana da danshi. Hawa uku ba lifta, muka yi ta jigila muna haki. Ɗakinta ko kujera biyu babu.

Ta ce ashe an raba gadon. Na ce e. Ta san ba haka ba ne.

Alhamis, 3 ga Mayu

Ta kare kundinta. Na zauna a kujerar baya, don dole wani daga gidanmu ya je. Wani farfesa mai farin gemu ya matsa mata da tambaya, ko marubutan nan sun yarda da fatalwowin da suke rubutawa. Ta ce ba ta sani ba, amma ta san sun yi rashi. Ta juya hannun hagu sama tana faɗa, yadda Baba ke yi.

Abin ya ƙona mini rai. Na kuma so ta sake.

Juma'a, 11 ga Mayu

Har yau ban yi mafarkinsa ba.

Na je maƙabarta bayan Juma'a. Na biya na ɗauki Nanret, don ba ta da mota kuma bas ba ya zuwa can, ba wani abu ba. Ta tsaya daga baya, ta harɗe hannu. Na roƙa masa gafara da yalwar kabari. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina yana cewa "mu 'ya'yansa", ba "ni 'yarsa" ba.

A mota ta tambaye ni ko na sa ta. Na ce ta ɗaura bel.