Wayata a Soron Gulzar

Litinin, 6 ga Mayu

Ni, Mirza Iftikhar Baig, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cusa Farisanci a kawunan da ba su roƙa ba, yau an kawo mini fitina a cikin kwali. 'Yata Nargis ce ta aiko daga Manchester: kwamfutar tafi-da-gidanka, baƙa, siririya, mai ji da kai. Cikin Nargis ya tsufa, mahaifin mijinta kuma ya rasu, don haka ta zartar da hukunci cewa ni zan yi wa jaririn kiran salla a kunne, ta cikin allon nan. "Abba, ba ta tarho ba," in ji ta. "Fuskarka nake so ya fara gani." Begam, matata, tana jin haka ta ce, "Allah ya ba yaron juriya."

Talata, 7 ga Mayu

Mai kebul ya zo, wani Shafqat, bakinsa jawur da ganyen tauna. Ya ajiye wani akwati mai ƙifce-ƙifce da ya kira modem, ya ce wayar intanet za ta taso daga turken bakin lungu, ta sauka a soron maƙwabci, daga can ta tsallako ta sama zuwa tagata.

Maƙwabcin kuwa Gulzar ne. Ustad Gulzar, sarkin masu kiwon tattabaru na unguwarmu Ƙofar Bhati, wanda tsuntsayensa suka mayar da igiyar shanyata makewayi, wanda rabonmu da gaisawa tun da na kai ƙararsa gaban dattawan unguwa suka ba shi gaskiya don duk abokan wasan tattabararsa ne. Shafqat ya ce Ustad ba ya gida, kuma sararin sama na Allah ne. Na karɓi wannan fatawa nan take.

Laraba, 8 ga Mayu

Na yi bisimilla na soka shuɗiyar wayar a bayan modem, ɗaya bakin a haƙarƙarin kwamfuta. Ta ce ƙas. Na jira duniya ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Na je na kwanta don kada na'ura ta ga fushina.

Da na tashi na tarar Begam ta lulluɓe modem da ƙyallen saƙa mai furanni, ya yi zafi kamar tukunyar farfesun nihari, fitilunsa duk sun mutu. "Ƙura fa, Baban Nargis? Talabijin da mayafinta, firji da nasa, sai wannan ne zai zauna mini tsirara a falo?" Na yaye ƙyallen da hannun da ya saba riƙe alli. Akwatin ya huce, ya farfaɗo, sai aka ɗauke wuta.

Bayan la'asar wuta ta dawo, fitila ta yi kore, ga Nargis. Ta kumbura, tana dariya, wai goshina kaɗai take gani da fanka. Ban faɗi wani abin kirki ba. Na tambaye ta yanayin gari.

Alhamis, 9 ga Mayu

Fitila ta koma ja. Na hau soro, ba waya a sararin Allah. An kwance ta daga mahaɗarta a katangar Gulzar, an naɗe, an jefo mini ita kan tulun ruwa.

"Furofesa Sahib," ya ɗaga murya daga can, "ga macijinka nan, ka ba shi madara."

Na ce, "Ustad, abin da ka aikata yana da suna a doka."

"Abin da ka aikata ma yana da suna, amma akwai mata a ƙasa. Gasar tashin tattabaru ta bazara ta kama. Tsuntsu ya yini a sama, ya dawo idonsa ya rufe don gajiya, kai kuma ka shimfiɗa masa wuƙa a hanya?" Ya ɗago wata farar tattabara, fiffikenta ɗaure da tsumma. Na jefe shi da baiti biyu na Farisanci kan jahilci. Ya ce in fassara wa tattabarar, ita aka yanka.

Ban gaya masa zancen jika ba. Ba na kai buƙatata gaban maƙiyi.

Juma'a, 10 ga Mayu

A masallaci Gulzar ya tsaya daidai gabana. Na yi salla ina kallon ƙeyarsa. Allah ya karɓa a haka.

Asabar, 11 ga Mayu

Shafqat ya ƙi mayar da wayar. "Yallaɓai, Ustad tsohon ɗan kokawa ne, ni kuma ina da 'ya'ya ƙanana." Wata hanyar sai an zagayo ta bayan masallaci, wannan kuwa sai "gobe in Allah ya yarda", kuma na san tsawon goben masu kebul.

Begam ta ce, "Ka sauka ka ƙwanƙwasa ƙofarsa mana. Ƙafa ce za ta karye ko gashin baki?" A nan na gano cewa duk shekarun yaƙin nan ita da matar Gulzar suna musayar kwanon miya ta taga. Cin amana a cikin gidana, da albasata.

Nargis ta kira ta tarho, ta ce bayanta na ciwo. "Abba, komai ya daidaita ko?" Na ce daram.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na buɗe kwamfutar na zauna gabanta. Fuskata kawai na gani a baƙin allo. Ba abin da za a nuna wa jariri ba ne.

Litinin, 13 ga Mayu

Bayan azahar surukina Tanwir, mijin Nargis, ya kira, murya na rawa: namiji ne, lafiya lau, suna jirana.

Begam ba ta nemi shawarata ba. Ta tumɓuke modem da wayoyinsa, ta rungume, ta sauka. Na bi ta da kwamfuta a hammata, don tsaron dukiya kawai. Muka haye matakalar Gulzar. Yana tsaye ya karya wuya yana kallon tsuntsayensa, ɗigo-ɗigo can ƙololuwa. Begam ta faɗa masa a jimla ɗaya.

Ya juyo. "Jika? Jika ne, ka tsaya kana yi mini Farisanci? Anya kana da hankali?"

Bakin wayar da ta taso daga turke yana nan a katangarsa. Muka durƙusa mu biyu muna murɗa shi a bayan modem, yana zagin yatsuna ina zagin nasa, sai da Begam ta ture mu ta murɗa. Ya zare fitilar akurki ya ba mu soket. Aka zaunar da ni a kan buhun gero, ni da na zauna a kujerun jarrabawa na jami'a. Kore.

Ga shi nan. Ja, a yamutse, yana fushi da duniya, wanda ya nuna mini jinin namu ne. Tanwir ya kara wayarsa a kunnen jaririn na dama. Na miƙe, na toshe kunnuwana, na ɗaga murya kamar da maƙogwaro zan kai ta Ingila.

"A hankali!" in ji Gulzar. "Za ka sauko mini da tsuntsaye!"

Ina tsakiyar shahada yaron ya buɗe ido ɗaya. Muryata ta tsaya cak. Ƙurar akurki ce, ba shakka. Wurin ƙazanta ne. Na nemi abin da ke biye na rasa, ni da ban taɓa tuntuɓe a baiti ba. Sai na ji daga bayana, ƙasa-ƙasa, Gulzar yana tuna mini kamar yadda ake tuna wa liman. Na kama, na kai ƙarshe. Nargis na kuka, Begam na kuka, wani tsoho a gidan gaba ya fito da hula a hannu yana tambayar yadda aka yi la'asar ta zo da wuri.

Laraba, 15 ga Mayu

Na aika alewar laddu gida-gida. Gidan Gulzar ma, don kada a ce.

Juma'a, 17 ga Mayu

Shafqat ya iso da tsani da sabuwar waya, zai zagayo ta bayan masallaci. Na sallame shi. Ban gamsu da ingancin aikinsa ba, kuma modem ya saba da inda yake.

Gulzar ya yi masa rumfa da kwali. Yau na tarar da kujera a inuwa a soronsa, bai ce tawa ba ce, ban ce na gode ba. Ya leƙa allo ya ce yaron ƙirjin ɗan kokawa ne da shi. Na ce goshin malami. Gaba tana nan yadda take.

Gobe da asuba ake sakin tsuntsayen zagayen ƙarshe na gasar, ya kamata wani ya tsaya kusa da modem. Begam ta ce a lokacin duk Manchester barci suke. Na ce ta nemo mini hulata.